Dundumin Jirgi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ina ƙarami "kai" nake, da na girma na zama "wancan". Sai da na sayi jirgin ɗaukar hoto sannan na samu suna a wurinsa, ya koma ce mini mai jirgi. Har yau da shi yake kirana, ni kuma ina amsawa da sauri, domin ya fi "wancan" daɗin ji.

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce a Ƙanƙara. Biki, suna, walimar sauka, wani lokacin kuma manomi ne yake son a ga girman gonarsa daga sama. Jirgin na hannu na saya, ɗan ƙarami ne mai farfela huɗu, bai fi faranti ba, da kyamara a ƙirjinsa. Ban da kyamarar yana da wasu ƙananan idanu a gaba da baya da ƙasa, aikinsu su hango bango ko bishiya su tsayar da shi kafin ya yi karo. Idan ya ga abu sai ya ja birki a sama, rimot ɗin da ke hannuna ya kama kuka tit-tit-tit, rubutun gargaɗi ya fito a fuskar waya. A yankinmu duk abin da ya tashi sama yana ƙugi sai an yi bayaninsa, saboda haka kafin in tashe shi a kowane gari sai na gaida mai unguwa da masu tsaro na nuna musu shi a tafin hannu. Baba kuwa ranar da ya fara jin ƙararsa cewa ya yi zirnaƙo ne aka yi wa rajista.

A shekarar da jirgin ya fara yi mini gardama, a shekarar idon Baba ya fara tafiya. Inna ce ta gaya mini, a madafi, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce Malam ya daina zuwa masallaci magariba da isha, mutumin da tun ina yaro ba a raba shi da sahun farko. Ya ce mata gwiwa ce, amma gwiwar ba ta ciwo da azahar, ba ta ciwo da la'asar. Ta ce ta ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya kuma yi kamar da gangan ya yi.

Ni Allah ya yi ni da gajen haƙuri, kowa ya sani. Na same shi a zaure, ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce gobe za mu tafi asibitin ido. Ya ɗaga kai ya dubi wani wuri kusa da kafaɗata, ya ce idonsa garau yake, har maɓallin da ya cire a rigata yana gani. Maɓallin kuwa da safe Inna ta yi mini faɗansa da ƙarfi a tsakar gida. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse. Na ƙara matsawa, sai ya ce shi ba akuya ba ne da ɗansa zai ɗaura wa igiya ya ja zuwa kasuwa.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganar. Yayansa ya taɓa yin yanar ido, aka kai shi wurin wani mai magani da ke zuwa cin kasuwar 'Yankara, ya sa masa tsinken ƙarfe a ido. Ya shiga rumfar yana gani dishi-dishi, ya fito ba ya ganin komai, haka ya ƙare rayuwarsa da sanda. Baba ne ya raka shi ranar. Tun daga nan ya yi rantsuwa ƙarfe ba zai taɓa idonsa ba. Na ce asibiti daban, likita daban, ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne. Na fita raina a ɓace, tsoro kuma ya cika ni, domin na san ciwon ido ba ya jiran mutum ya huce. Muka koma daga gaisuwa sai gaisuwa.

Ana cikin haka aka kira ni walimar sauka a Sabuwa. Bayan la'asar, rana ta yi ƙasa, uban yaran da suka yi saukar ya ce yana son jirgin ya taso daga ƙofar gida ya bi ta kan jama'a ya yi yamma. Na tashe shi lafiya, na tura shi gaba, sai ya tsaya cak a sama ya kama kuka. Rubutu ya ce akwai abu a gabansa. Na duba, babu komai sai sarari. Na ƙara turawa ya ƙi, kamar jakin da ya iso bakin rafi. Na juya shi gabas ya tafi sumul, na sake juyo shi yamma ya sake turjewa. Wani dattijo a kan tabarma ya ce a bar shi, wataƙila mutanen ɓoye yake gani, aka kwashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Da magariba ta gabato sai ya canza kuka. Yanzu cewa yake haske bai ishe shi ba, idanunsa sun daina aiki, ya kuma fara zamewa gefe a hankali ba tare da na taɓa komai ba. Na saukar da shi na ƙarasa aikin da kyamarar hannu.

Washegari na zauna masa. Na goge idanun ɗaya bayan ɗaya da tsumman gilashi, har na samu shaidar yatsana a na gaba, da maiƙon naman walima. Na yi murna na ce an gama, ashe ba a fara ba. Na ɗauke shi zuwa Faskari wurin wani abokina mai gyaran waya, wanda ya riga ni fara tashin irin wannan jirgi. Ya haɗa shi da kwamfuta, wasu ɗige-ɗige suka fito, muka riƙa jujjuya jirgin a gabansu har aka ce idanun sun saitu. Ya sabunta masa manhaja. Da muka gama ya ce shi a ganinsa lafiyar jirgin lau, in koma gida in riƙa tashinsa a wuri ɗaya, da hantsi da tsakar rana da yamma, in lura da lokacin da yake kukan.

Wurin da nake da shi kuwa shi ne filin bayan gidanmu, inda ake shanya masara bayan girbi. A bakin filin akwai wani tsohon bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, ƙarƙashinsa Baba yake shimfiɗa buzunsa tun hantsi. Ban so ba, amma babu wani filin. Na riƙa zuwa ina gaishe shi, ya amsa, in juya masa baya in yi aikina.

Da hantsi jirgin ba shi da matsala. Yana ganin katanga, yana ganin bedin, ni kaina idan na tsaya a gabansa sai ya ja da baya. Amma na lura wayar wutar da ta ratsa gefen filin ba ya ganinta ko kaɗan, da ba ni na tsayar da shi ba da ya shige ta. Da tsakar rana idan na bi da shi ta kan rufin kwano, ƙyallin yana ruɗa idanun ƙasa, sai ya riƙa ɗan sama da ƙasa. Idan na shigar da shi inuwar bedi daga cikin rana kai tsaye sai ya yi ɗan kuka kafin ya natsu. Da yamma kuwa labarin Sabuwa ne yake dawowa: ya fuskanci rana ya ga bangon da babu shi, rana ta faɗi ya ce ba ya gani.

Wata yamma ina cikin tsaki sai na ji muryar Baba a bayana.

"Mai jirgi, wai mi shike hwaɗi ne, wanga kuka haka?"

Na ce cewa yake haske bai ishe shi ba. Ya tambaya da rana fa, na ce da rana lafiya lau.

"To ai dundumi gare shi," in ji Baba. "Ka sai mashi hanta."

Dundumi shi ne ciwon da mutum yake gani da rana, da ta faɗi sai ya koma kamar kaza, kuma tun kakanni hanta ake ba mai shi. Na yi dariya sosai, rabona da dariya da Baba har na manta. Na shiga gida na ba Inna labari, sai na ga ba ta yi dariyar ba. Ta ce ai an daɗe kullum da safe sai Malam ya aika wurin mahauci an sayo masa hanta, ya shiga ɗaki ya ci shi kaɗai, ya ce sha'awa ce. Ashe ya san ciwon nasa, har suna ya ba shi, har magani yake yi a ɓoye.

Daga ranar na daina juya masa baya. Na koma tambayarsa a kan jirgin, kamar mai neman shawara, shi kuma ya riƙa amsawa kamar mai ba da ita. Na ce abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda yake ganin bango a cikin rana, alhali ga haske har ya yi yawa. Baba ya ja carbinsa, sannan ya ce:

"Rana in ta yi ƙasa ba haske take ba mutum ba, bango take zama. Hwari hwat. Wanda duk ya taho ta cikinta ba ka ganin huskarshi, sai ka jira ya yi magana."

Na ce haka ke nan jirgin yake gani. Ya ce haka dai yake zato.

Na kawo masa maganar inuwa, ya ce wannan ai mai sauƙi ce, wanda ya fito daga rana ba ya faɗa wa inuwa kai tsaye, tsayawa ake yi a bakinta har ido ya dawo. Nan na tuna kwanakin nan duk sanda zai shiga zaure sai ya tsaya a bakin ƙofa yana motsa baki, mu muna cewa addu'a ce ta ƙaru. Na kawo maganar wayar wuta, ya ce babban abu ba ya cutar mai raunin ido, siririn abu ne mugu, igiya da reshe da bakin tabarma. Na tuna Inna ta cire igiyar shanya daga tsakar gida ta mayar bayan ɗaki, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin mamaki, shawarar tasa ta yi aiki. Na daina fuskantar rana da jirgin, sai in bi da shi a kaikaice. Na koyi tsayar da shi a bakin inuwa kafin in shigar da shi. Duk inda za ni aiki sai na fara zagaya wurin da ƙafa na ga inda wayoyi suke, na kuma riƙa gaya wa masu biki tun farko cewa hoton sama kafin faɗuwar rana ake gama shi. Kukan ya ragu. Amma ni raina bai yi sanyi ba. A 'yan makonnin nan na yi hira da mahaifina fiye da duk wadda muka yi tun haihuwata, kuma dukkanta a kan roba da batir muka yi ta. Ina jin daɗi, ina jin haushi, ga tausayinsa yana cina. Wata rana na yi masa hannunka mai sanda, na ce irin wannan ciwo ai gyara ake kai mai shi tun da wuri. Ya ce ai ni da bakina na ce mai gyaran ya ce lafiyarsa lau. Na gaya wa Inna taurin kan Baba zai kashe ni, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai wani mai shanu daga wajen Mabai ya nemi in ɗaukar masa garkensa suna dawowa gida, kuma ya nace sai rana tana faɗuwa a bayansu, haka ya gani a wayar wani. Daidai lokacin da jirgina yake tubure wa mutum ke nan. Na kira abokina na Faskari, ya ce akwai inda ake kashe idanun gaba ɗaya, jirgin ya daina kuka, ya tafi duk inda aka tura shi. Ya nuna mini wurin ta waya, ya ƙara da cewa in na kashe, to ni ne idonsa.

Ranar da zan gwada, da rana Inna ta gaya mini Baba ya yi karo da turmi da asuba ya fasa ƙwauri, ya ce mata kyanwa ce ta gifta masa. Ba mu da kyanwa. Na fita filin da yamma zuciyata tana tafasa, na ga ya ja wando ya rufe wurin. Na gaishe shi a gajarce, na ce masa na samo maganin kukan jirgi, na rufe masa baki. Ya ce to.

Na tashe shi na tura shi cikin rana. Ya tafi ɗoɗar, babu birki, babu tit-tit, rimot shiru kamar ba shi ba. Gaskiya na ji daɗi. Na yi ta zagaye da shi har rana ta nutse, haske ya fara ja baya, sannan na juyo da shi ƙasa-ƙasa ta wajen bedin don in saukar. A fuskar waya ban ga komai ba. Wani busasshen reshe ne siriri ya leƙo daga gefe. Na ji ƙas, ganye ya zubo, jirgin ya wuntsila ya faɗi rigingine a bakin buzun Baba, kusa da ƙafarsa.

Baba ya zabura. Ya ɗaga kai yana duban can tsakiyar fili, ya ce, "Ina ya hwaɗi?"

Jirgin fari ne, ƙasar wurin baƙa, ga 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Da ya miƙe ƙafa da ya taɓa shi. Duk faɗan da na taho da shi ya zube. Na ce ga shi nan gabanka, Baba.

Ya sunkuya ya riƙa shafa ƙasa da tafin hannu, ya wuce shi, ya dawo, har yatsunsa suka same shi. Ya ɗauka ya ɗora a cinya, ya bi farfelun da yatsa har ya iso kan wadda ta karye, ya daɗe yana shafa wurin karayar. Ladan ya fara kiran magariba. Muka saurara har ya gama.

"Da ka bar shi da kukanshi," in ji Baba. "Shi dai in bai gani ba shina hwaɗi."

Na ce haka ne. Ya tambaya ko gobe zan kai shi gyara, na ce in Allah ya yarda.

"In ka tashi, ka tahi da mu duka."

Ya miƙo mini jirgin, ya tashi ya kakkaɓe buzunsa. Na zaci gida zai shiga kamar kullum, sai na ga ya juya wajen da kiran salla ya fito ya tsaya, ya ɗan ware gwiwar hannunsa daga jikinsa. Ban gane ba da farko. Da na gane sai na ajiye jirgin a gindin bedi na kama hannun. Rabona da riƙe hannun Baba tun ina ɗan yaye, kuma a lokacin shi ne yake riƙe da nawa. Muka tafi masallaci a hankali, ban ce masa ga rami ba, sai dai in ɗan matsa hannun ya gane.

A asibiti aka ce na hagu yanar ido ce, za a iya cirewa. Na dama kuwa hawan jinin ido ne ya cinye shi a hankali, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa. Likitan mutumin kirki ne, bai ce da kun zo da wuri ba, amma na ji ta a shirun da ya yi, kuma har yau tana yi mini ciwo. Ranar aikin Baba bai yi gardama ba, bakinsa dai bai daina motsi ba har aka shiga da shi. Da aka cire bandejin ya dubi Inna ya daɗe, sannan ya ce ashe tsufa ta yi ba ta gaya masa ba. Ta ce shi ma akwai abin da bai gaya mata ba.

Jirgin farfela kawai aka canza masa. Aikin Mabai na yi shi da idanun a kunne, na bi shanun a kaikaice tun rana da sauran tsayi, mai garken ya yi ɗan ƙorafi ya karɓa. Ban sake kashe idanun nan ba, kuma kukan ya daina ba ni haushi.

Baba yanzu da rana yana zuwa ko'ina da ƙafarsa, yana ɗiga maganinsa safe da yamma, ya kuma daina aike wurin mahauci. Amma ido ɗaya ne, kuma in rana ta faɗi ba ya yi masa aikin kirki. Kunyar ɗan fari kuwa likita bai cire ta ba. Har gobe ba zai iya buɗe baki ya ce mini zo ka riƙe ni ba. Abin da yake yi, in an kusa kiran magariba sai ya fito bakin zaure da carbinsa ya tsaya, ya gyara murya, ya ce tit-tit-tit. Ranar farko Inna ta yi dariya har da hawaye, daga baya na ga hawayen sun fi dariyar daɗewa. Yanzu babu mai dariya. Duk abin da ke hannuna ajiyewa nake yi in tafi.